Suna daidai, kalmar sirri daidai, amma rumbu ya ƙi buɗewa

Kusan duk mai haɗa manhaja yakan ci karo da wannan matsala ranar da ya raba manhajarsa da rumbun bayananta, ya ajiye su a kan kwamfutoci biyu daban. Jiya komai lafiya lau. Yau sunan shiga bai canza ba, kalmar sirri ma haka, amma MySQL ya dawo da kuskure mai lamba 1130, wai wannan kwamfutar ba ta da izinin haɗuwa da shi. Idan kuma PostgreSQL ne, sai ya ce bai ga layin da ya dace da kai ba a cikin fayil ɗin pg_hba.conf. Abin da mutane suka fi yi shi ne su yi ta sake buga kalmar sirri, ƙarshe ma su canza ta. Wahalar banza ce, domin rumbun bai ma kai ga tambayar kalmar sirrin ba.

Waɗannan rumbuna tambaya biyu suke yi wa duk wanda ya zo: wane ne kai, kuma daga ina ka fito? Kamar mai gadi ne da aka ba shi takarda ɗauke da sunayen baƙi da garin da kowannensu zai fito. In ka faɗi suna daidai amma ka ɓullo ta wata hanya dabam, ba zai ɗaga maka ƙarfe ba. A MySQL, asusun shiga suna ne haɗe da adireshi. Saboda haka 'shago'@'localhost' da 'shago'@'10.0.0.5' asusu biyu ne, kowanne da kalmar sirrinsa da iyakar abin da aka yarje masa, ko da mutum ɗaya ne ya buɗe su.

Kafin a taɓa komai, a duba lambar kuskuren, domin ita ke nuna inda tafiya ta tsaya. Lamba 2003 na nufin ko ƙofar ba a isa ba. Ko dai katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 3306 da MySQL ke amfani da ita, ko kuma rumbun ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake kanta. A Ubuntu, MySQL yakan zo da bind-address a kan 127.0.0.1, PostgreSQL kuwa, mai amfani da ƙofa ta 5432, yana zuwa da listen_addresses a kan localhost. Lamba 1045 takan shafi suna ko kalmar sirri. Ita kuwa 1130, duk da takaicinta, rabinta albishir ce: hanya a buɗe take, rumbun ya ji sallamarka, amsawa ce kawai bai yi ba.

Maganin yana cikin saƙon kansa, sai dai mutane ba sa karanta shi har ƙarshe. Saƙon yana faɗin adireshin da rumbun ya gan ka da shi, kuma sau da yawa ba shi ne wanda kake zato ba. Manhajar da ke aiki a cikin Docker takan bayyana da adireshi irin 172.17.0.2, ko da a kan kwamfuta ɗaya suke da rumbun. Wasu kwamfutocin in ka rubuta localhost sai su fassara shi zuwa ::1 na tsarin IPv6, alhali layin da ke cikin pg_hba.conf na 127.0.0.1 ne kaɗai. A wajenmu kuma, inda yawancin masu wannan sana'a da datar waya suke aiki, akwai ƙarin ciwon kai. Kamfanin waya ba ya ba ka adireshi na dindindin. Wanda ka sa a jerin izini da safe, kafin la'asar wataƙila ya koma hannun wani.

Shi kansa localhost yana da nasa tarko. A kan Linux, idan ka ce wa MySQL localhost, ba ya bi ta hanyar sadarwa sam, wani fayil na musamman da ake kira soket yake bi. Sai ka rubuta 127.0.0.1 sannan ya bi ta TCP. PostgreSQL ma ya raba su: layin da ya fara da local na soket ne, wanda ya fara da host na hanyar sadarwa.

Sai batun jeri, wanda a ganina shi ya fi cin lokacin mutane. PostgreSQL yana karanta pg_hba.conf daga sama zuwa ƙasa, kuma layin farko da ya dace da kai shi ne hukunci. In wannan layin ya ƙi ka, shi ke nan, ba ya leƙa na ƙasa ko da naka sabon layin yana can yana jira. MySQL kuwa yana fifita asusun da adireshinsa ya fi takamaimai. Shi ya sa a tsofaffin tsare-tsare da ke da asusu marar suna a kan localhost, wannan asusun yakan sha gaban 'shago'@'%', wato 'shago' daga ko'ina, mutum ya ga an ƙi kalmar sirrinsa alhali ba asusunsa aka gwada ta da shi ba. Idan ka samu shiga amma izini ya yi ƙaranci, SELECT CURRENT_USER() zai gaya maka asusun da aka ɗauke ka da shi.

Bayan gyara, pg_hba.conf ba ya buƙatar a kashe rumbu a kunna, pg_reload_conf() ya wadatar, amma canza listen_addresses sai an sake kunnawa. Kuma tun daga MySQL 8.0 na shekarar 2018, umarnin GRANT ya daina ƙirƙirar asusu da kansa, dole a fara da CREATE USER. Tsofaffin darussan da ke yawo a intanet ba su san da wannan ba. Akwai kuma kuskuren MySQL mai lamba 1129, inda rumbu ke kulle adireshi bayan haɗuwa ta katse a tsakiya sau 100 a jere, abin da raunin netwok kan iya jawowa. Umarnin mysqladmin flush-hosts yana buɗe shi.

Gajiya ce ke kai mutum ga maganin da ya fi ciwon muni. A MySQL a sa alamar % wadda ke nufin ko'ina, a PostgreSQL a rubuta 0.0.0.0/0, wani ma ya ƙara da trust, wato kowa ya shigo ba tare da kalmar sirri ba. Kuskuren zai ɓace nan take, amma an bar wa duniya ƙofa a buɗe, kuma akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne laluben irin waɗannan ƙofofi. A farkon 2017 an kwashe bayanan dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, aka bar wa masu su saƙon neman kuɗin fansa da Bitcoin.

Abin da ya fi shi ne a ba adireshin kwamfutar da manhaja ke kanta izini, ita kaɗai, da asusun da bai wuce rumbun da take buƙata ba. Wanda kuma adireshinsa ke canzawa saboda datar waya, ya bi ta SSH ko VPN. Idan ya haɗa ta SSH zuwa kwamfutar da rumbun ke kanta, rumbun zai gan shi da 127.0.0.1 ko daga Kano ya shigo ko daga Maradi, ƙofa ta 3306 kuma tana nan a rufe ga na waje.