Tekun da ya taɓa kwanciya a ƙasar Illela

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙarta a yankin Illela, ya san ƙasar da guga ke fitarwa ba iri ɗaya ba ce, domin bayan rairayin sama akan tarar da marmara mai gajiyar da diga, sa'an nan yumɓu ko laka, kowanne shimfiɗe a kan ɗan'uwansa bisa tsari. Mahaƙin rijiya ruwa yake nema, amma abin da yake ratsawa shi ne ainihin hujjar da masana ilimin duwatsu suke kafa hukuncinsu a kai game da zamanin da babu ɗan Adam balle marubuci.

Ƙa'idarsu ta farko, wadda wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Steno ya rubuta a 1669, ita ce shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi ta samanta, muddin ba a birkita su ba, kuma laka da yashi a kwance suke sauka cikin ruwa, suna yaɗuwa ko'ina har inda ruwan ya tsaya. Saboda haka idan aka ga farin dutsen da ake sarrafa siminti da shi a Kalambaina kusa da Sakkwato, aka kuma ga irinsa a Malbaza bayan an wuce Birnin Ƙonni, hankali yakan yarda cewa asalinsu guda ne, alhali kuwa tsakaninsu akwai iyaka da jami'an kwastan. Shimfiɗun yankin duka sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, shi ya sa mai tafiya gabas yake taka tsofaffin duwatsu, mai nufar Gwandu kuwa yana taka na baya-bayan nan.

Ƙa'ida ta biyu, wadda a ganina ta fi buƙatar natsuwa, ƙiyasi ce irin wadda malamanmu suka saba da ita, watau a auna abin da ya ɓuya da abin da yake bayyane. James Hutton ya bayyana ta a 1788, ko da yake tun wajen 1030 Al-Biruni ya dubi tsakuwar filayen Indiya, ya lura cewa girmanta yana raguwa gwargwadon nisanta da tsaunuka, ya hukunta cewa wurin teku ne a da, koguna suka cike shi. A yau muna ganin irin wannan farin dutse yana samuwa a ƙarƙashin teku mai ɗumi marar zurfi, daga ɓawon katantanwa da ƙananan halittun ruwa. To, da aka fasa dutsen Kalambaina aka tarar da waɗannan ɓawo a cikinsa, sun zama dutse amma siffarsu tana nan, babu abin da ya rage sai a ce ruwan gishiri ya kwanta a nan kimanin shekara miliyan 60 da suka shige, lokacin da wani reshen teku ya ratso inda hamadar Sahara take yanzu.

Sauran halittun da suka daskare cikin dutse su ne kuma ma'aunin zamani, domin kowane zamani da irin nasa, wanda ya ƙare kuwa ba ya dawowa. A shimfiɗar Dukamaje, wadda take ƙarƙashin ta Kalambaina, aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Danginsa duka sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma ba a samun ƙashinsu a farin dutsen da ke sama, wanda ya tabbatar da cewa dutsen simintin ya kwanta ne bayan halakarsu.