Daga tekun Atlantika zuwa Kagarko: Inda ake haɗa daminar da Abuja ke sha

Wani kaso na ruwan da ke fitowa daga famfo a Maitama da Garki da Kubwa ba a Abuja ya sauka ba. A kan duwatsu da gonakin Kudancin Kaduna ya zubo, ya gangara cikin kogin Gurara, aka tare shi a madatsar ruwan Gurara da ke yankin Kagarko da Kachia, sannan aka turo shi ta wani ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma da ke kusa da Bwari. A zamanin mulkin Obasanjo aka fara wannan aiki, bayan da ta bayyana cewa Usuma kaɗai ba za ta iya shayar da birnin da ke ta kumbura ba. Tafkin Gurara na iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 880, wato ninkin abin da Usuma ke ɗauka sau da dama.

Sai dai kogin Gurara ma aron ruwan ya yi. Asalinsa tururi ne da ya tashi daga saman tekun Atlantika, a Mashigin Gini, sama da kilomita 500 kudu da Kagarko, iska ta ɗauko shi ta tsallake dazuzzukan kudu da kwarin Neja da Binuwai kafin ya zama hadari. Wannan ne ya sa duk abin da ya taɓa zafin ruwan teku ya taɓa gonar manomin citta a Kagarko, ya kuma taɓa tankin ruwan ma'aikacin gwamnati a Abuja, ko da dukansu biyu ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Kuma zafin ruwan tekun yana canzawa.

Yadda iskoki biyu ke rabon shekara

Shekarar manomi a wannan yanki tana tsakanin iskoki biyu ne. Ɗaya busasshiya ce, daga hamadar Sahara take tasowa, ita ce ta hunturu. Ɗayar kuma mai laima ce, daga teku take zuwa ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da masana yanayi ke bibiya, wadda ke hawa arewa daga watan Maris, ta kai ƙarshen tafiyarta a watan Agusta, sannan ta juyo. Idan iyakar ta wuce gari ta bar shi a ɓangaren iskar teku, damina ta kama ke nan.

Abin da ke jan iskar teku zuwa cikin ƙasa shi ne bambancin zafi. A bazara ƙasa kan yi zafi da sauri, musamman Sahara, iska ta yi sama, sai wadda ke kan teku mai ɗan sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Daga watan Mayu zuwa Yuli kuma wani abu kan faru a Mashigin Gini: ruwan sanyi daga ƙarƙashin teku kan taso sama, ya sanyaya fuskar ruwan. Wannan sanyi yana ƙara tazarar da ke tsakanin teku da tudu, iskar ta ƙara ƙarfi. A wajajen ƙarshen watan Yuni sai jigon ruwan sama ya yi tsalle daga gaɓar teku zuwa kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Kagarko da Kafanchan a gindin wannan layi suke, shi ya sa marka ke kama su sosai a Yuli da Agusta, daidai lokacin da Legas ke samun ɗan tsaikon ruwa. Tudun Jos da duwatsun Kagoro su ma suna taimakawa, domin suna tilasta wa iskar ta hau sama ta zubar da abin da ta ɗauko, har yankin Kafanchan kan samu ruwan da ya kai wajen milimita 1,500 a shekara.

Citta ita ce amfanin gonar da ta fi nuna wannan dogaro a fili. Ana dasa ta ne da ruwan farko, a Afrilu ko Mayu, a lulluɓe ta da ganye ko ciyawa domin ƙasa ta riƙe danshi. Tana buƙatar watanni bakwai zuwa tara a ƙasa. Idan aka haƙe ta a kaka, a tsaga ta, sai a shanya a bar wa iskar hunturu ta busar. Wato iskar teku ce ke raya ta, iskar hamada ke gyara ta domin kasuwa. Idan ruwan farko ya yaudari manomi ya ɗauke na makonni, iri ya lalace a ƙasa, kuma irin citta ba abin wasa ba ne wajen tsada. Idan kuma ruwa ya ƙi ɗaukewa a lokacin shanya, ta yi fumfuna, darajarta ta faɗi. Kachia da Jaba da Kagarko su ne cibiyar wannan noma da ya sa Najeriya ta shiga sahun manyan ƙasashen da ke samar da citta a duniya.

Rumbun zafin duniya

Idan ana maganar ɗumamar yanayi, hankali kan tafi ne ga zafin iskar da muke ji a jiki, alhali ɗan ƙaramin kaso ne na lamarin. Tekuna sun mamaye kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma su suka shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙin man fetur da gawayin kwal da iskar gas ya tare tun daga shekarun 1970. Ruwa yana da ƙarfin riƙe zafi ƙwarai: mita uku kacal na saman teku suna iya ɗaukar zafin da ya kai na dukan iskar da ta kewaye duniya. Bayan zafi, tekuna suna haɗiye kusan rubu'in iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa kowace shekara. Ba don haka ba, da zafin da ake kuka da shi a Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu ya wuce misali.

Wannan taimako ba kyauta ba ne. Ruwan da ya yi ɗumi yana kumbura, ga kuma narkewar ƙanƙara, har tsayin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Mutanen Ayetoro a Jihar Ondo, waɗanda teku ya cinye musu babban ɓangaren gari, sun fi kowa sanin ma'anar wannan. Amma ga mutumin tudu, abin da ya fi muhimmanci shi ne tururi. Duk ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima da kusan kashi 7 cikin 100. Iskar da ta ɗauko ruwa mai yawa kuwa, idan ta tashi saukewa, da yawa take saukewa a lokaci guda. Shekarun 2023 da 2024 sun kafa tarihin zafin saman teku, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma.

Laifin da aka ɗora wa makiyayi da manomi

Arewa ta riga ta ɗanɗani abin da teku ke iya yi, ko da yake a lokacin ba a gane daga inda bala'in ya fito ba. Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun halaka dabbobi, sun tarwatsa ƙauyuka daga Senegal zuwa Chadi, Tafkin Chadi ya janye ya bar jiragen masunta a kan yashi. Bayanin da ya yi tashe a wancan zamani shi ne cewa mutanen Sahel ne suka jawo wa kansu: kiwo ya yi yawa, an sare itatuwa, ƙasa ta yi tsirara, ruwa ya ƙaurace. Wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya ba wannan ra'ayi ginshiƙin kimiyya a 1975, kuma shekara da shekaru a kansa aka gina tsare-tsaren agaji da na yaƙi da hamada.

A 1986 wasu masana na hukumar yanayi ta Birtaniya ƙarƙashin Chris Folland suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya ne tare da wani salo na zafin tekuna: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan a mujallar Science, inda suka ciyar da kwamfuta bayanan zafin tekuna kaɗai, ta kuma fito da mafi yawan tarihin damina da fari na yankin. Daga baya bincike ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya riƙa kare hasken rana a kan arewacin Atlantika, yana da hannu a wannan sanyi. Sare daji da cunkoson dabbobi suna da illarsu, babu mai musu, amma ba su ne suka kori damina ba. Akwai abin lura a nan ga duk mai rubuta takardar shawara ga minista: an shafe fiye da shekara goma ana zargin talakan da abin ya faɗa wa, alhali sanadin yana can cikin ruwa, nesa da shi da dubban kilomitoci.

Kudancin Kaduna bai sha farin kamar Katsina ko Damagaram ba, amma ya karɓi sakamakonsa. Makiyaya da dama sun gangaro kudu neman ciyawa da ruwa, wasu suka zauna. Rigingimun filaye da yankin ke fama da su suna da tushe da yawa, na siyasa da na tarihi da na rashin adalci, kuma kuskure ne a jingina su ga yanayi kawai. Duk da haka, ba a cire shekarun fari daga lissafin.

Yanzu damina ta farfaɗo, amma da wani hali dabam. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka wallafa a mujallar Nature a 2017, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Ga mai kula da madatsa irin ta Gurara, ruwan shekara da ya zo cikin 'yan kwanaki ba daidai yake da wanda ya rarrabu cikin watanni ba: yana zuwa da laka da ke cike tafki, yana kuma tilasta a saki ruwa a kan al'ummomin da ke ƙasa.

A 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin Naira biliyan 12, ta kafa kwamitin yaƙi da annobar, farashin citta kuma ya yi tashin da duk mai sayen kayan shayi ko na kunu ya ji a aljihunsa. Cututtukan shuka suna da hanyoyinsu, ta iri da ta ƙasa, kuma ba daidai ba ne a ce teku ne ya kawo wannan. Abin da malaman gona suka sani tun da daɗewa shi ne irin waɗannan cututtuka sun fi yaɗuwa a inda ɗumi ya haɗu da ƙasar da ruwa ya kwanta a cikinta.

Teku ɗaya, ma'aikatu huɗu

A Abuja an rarraba wannan lamari guda a tebura dabam-dabam. Hukumar NiMet, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama. Hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa. Citta ta Ma'aikatar Noma ce. Teku kuwa tun Agustan 2023 ya samu tasa ma'aikatar, wadda hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa da sufuri da kamun kifi. Cibiyar binciken teku ta ƙasa da aka kafa a 1975 tana Legas. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta samar da majalisar da ya kamata ta ɗinke waɗannan sassa, amma ɗinki a takarda dabam, a gona dabam.

Hasashen NiMet ɗin kansa a kan teku ya dogara. Kafin hukumar ta faɗi ranar da damina za ta sauka a wata ƙaramar hukuma, sai ta duba halin da tekun Fasifik ke ciki, ko ɗumin El Nino ne, wanda kan rage ruwa a Sahel, ko sanyin La Nina. Bayanan Atlantika kuwa suna fitowa ne daga tauraron ɗan Adam, da na'urorin PIRATA da Faransa da Brazil da Amurka suka kafa a cikin tekun tun 1997, da kuma na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 su taso duk bayan kwana goma su aiko da ma'auni. Ƙasar da ke da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, wadda kuma mafi yawan nomanta na damina ne, da idon wasu take kallon ruwan da ke ciyar da ita.

Matsayin Kagarko ya sa buƙatar ta fi tsanani. Idan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da kima, sau da yawa ruwa kan yi yawa a gaɓar teku ya ragu a arewa mai nisa, kuma iyakar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a kusa da wannan yanki take ratsawa. Hasashe a irin wannan wuri yana buƙatar ma'aunan ruwan sama masu yawa a ƙauyuka, da mutanen da za su karanta su kullum, da malaman gona da za su mayar da sakamakon zuwa Hausa da Koro da Gbagyi kafin manomi ya fitar da irinsa daga rumbu a watan Afrilu. Littafin hasashen kan fito ne a wani babban zauren taro a Abuja, kuma daga zauren zuwa Jere, ƙofar Kagarko a kan hanyar Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce a mota.