Wa Zai Biya Kuɗin Sa Kalangu a Cikin Salula?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Daga nan Yamai muke kawo muku shirin musamman na wannan mako. Yau maganar wasa za mu yi, wasan da mutane dubu goma sha huɗu suka haɗa kuɗi suka tayar bayan masu shi sun yi watsi da shi. Daga nan mu dawo gida mu duba namu.

Wanda ya ratsa Bukoki ko Wadata da yamma ya san ƴan shagunan nan da yara ke cikawa, tele biyu ko uku, kowa da manet a hannu, ana biya ana buga ƙwallo a PlayStation. Ƙwallo ce ke da kasuwa, sai faɗa, sai tseren mota. Akwai wani irin wasa da bai cika shigowa shagunanmu ba, shi ne wasan bin kiɗa. Waƙa ce ke tashi, wasu ɗigo-ɗigo na gangarowa a allo, kai kuma aikinka ka danna maɓalli daidai lokacin da bugun ya faɗi. Ka dace, kiɗa ya zauna. Ka makara ko da ƙiftawar ido, kiɗa ya tsinke, kowa ya ji.

A shekarar 1995 wasu matasa biyu da suka yi karatu a jami'ar MIT ta Amurka, Alex Rigopulos da Eran Egozy, suka kafa kamfanin Harmonix. Burinsu shi ne wanda bai taɓa koyon kiɗa ba ya ɗanɗani daɗin da makaɗi ke ji. A 2001 suka fitar da wasan Frequency, a 2003 suka biyo da Amplitude, dukansu a PlayStation 2. A Amplitude, ɗan jirgi kake tuƙawa bisa wata hanya mai layi-layi, kowane layi da nasa kayan kiɗa: wannan ganga, wannan jita, wancan muryar mawaƙi. In ka kammala jimlar kiɗa a layin ganga, sai gangar ta ci gaba da kanta na ɗan lokaci, ka yi maza ka tsallaka layi na gaba ka tayar da shi. Da haka kake harhaɗa waƙa da yatsunka har ta cika. Masu sharhi sun yaba, amma ciniki bai yi ba. Kamfanin ya juya wani wajen, ya yi Guitar Hero a 2005 da Rock Band a 2007, ya yi suna a duniya, Amplitude kuwa ya kwanta shekara goma sha ɗaya.

A watan Mayun 2014 Harmonix ya je dandalin Kickstarter na intanet ya ce wa jama'a: in kuna son Amplitude ya dawo, ku tara dalar Amurka 775,000. Ƙa'idar dandalin mai tsauri ce. Ana yanka adadi, ana yanka rana. In kuɗi sun kai, a cire daga asusun kowa. In sun gaza ko da kaɗan ne, ba a taɓa kuɗin kowa ba, mai neman kuma ya tashi hannu rabbana. Kwanaki suka yi ta tafiya kuɗi na jan ƙafa, har mutane da yawa suka fid da rai. Sai a ƴan kwanakin ƙarshe abin ya motsa, masoya suka yi ta kiran juna, har wasu kamfanonin wasanni irin su Insomniac Games suka sa hannu. Aka rufe da dala 844,000 da ɗoriya daga mutum dubu goma sha huɗu da ƴan kai. A canjin wancan lokaci ya ɗan haura sefa miliyan 400. In ka raba, kowane mutum ya ba da kusan jika 30.

Duk da haka kuɗin ba su isa aikin ba, kamfanin ya faɗa tun farko cewa shi zai cika sauran daga aljihunsa; da ruwan ciki ake jan na rijiya. An yi alkawarin wasan a 2015, bai fito ba sai Janairun 2016. Tsohon wasan yana ɗauke da waƙoƙin manya irin su David Bowie da Herbie Hancock, sabon kuwa yawancin kiɗansa a cikin gida aka tsara, domin sayen izinin waƙar babban mawaƙi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma tun da haƙƙin mallakar wasan na hannun kamfanin Sony, ba a iya fitar da shi a wata na'ura ba sai PlayStation. A wannan shekarar ta 2016 Harmonix ya sake miƙa ƙoƙon bara a wani dandali mai suna Fig, yana neman dala miliyan ɗaya da rabi don kai Rock Band 4 kan kwamfuta. Rabi da ɗan abu aka samu, maganar ta mutu. Jama'a ba sa ba da kuɗi don girman sunan kamfani, abin da suke kewa suke biya wa.

(Kiɗan molo na ƴan daƙiƙu)

To, mu dawo gida. Shin an taɓa tono wani tsohon kiɗa na Nijar aka busa masa rai? An yi, kuma fiye da sau ɗaya.

Dattawan Yamai da suka girma da Muryar Sahel da Tele Sahel sun san wani sanyayyen kiɗan lantarki da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, ko da ba su san mai shi ba. Mamman Sani ne, da na'urar kiɗansa ta ogan, ƙirar Italiya. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa, ƴan kwafi kaɗan aka buga. Shekara talatin da biyar bayan haka, a 2013, kamfanin Sahel Sounds na wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya sake fitar da shi a faifai, Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa gaban matasan da ba a haife su ba lokacin da ya ɗauki kaset ɗin. Shi dai wannan Kirkley, a 2014, ya hau Kickstarter ya nemi kuɗin yin fim a Agadas da mai jita Mdou Moctar. Aka tara, fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai ya fito a 2015 cikin harshen Tamashek. Kafin su kuma, marigayi Malam Mamane Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi gaɓar Tafkin Cadi wurin Boukar Tar ya koyi kaɗa biram na Buduma, mai tsirkiya biyar, a daidai lokacin da abin ke gab da ɓacewa. Allah ya yi masa rasuwa a 2018, Allah ya jiƙansa.

Ina jinjina wa duk wanda ya sa hannu a waɗannan ayyuka. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: a duka ukun, kuɗin daga waje suka zo. Wanda ke zaune a Amurka ko Faransa kuwa, abin da ya yi wa kunnensa daɗi shi zai biya wa, kuma ba laifinsa ba ne. Jitar sahara ta shiga kunnensa, kiɗan lantarki ya shiga. Taken ƴan kokawa fa? Kiɗan ƙwarya na mata ranar suna fa? Gaɗar ƴan mata a dandali da farin wata? Waɗannan ba su da mai kewarsu a can. Mu ne masu kewarsu, kuma in ba mu biya ba, babu mai biya.

Haɗa kuɗi kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Matan Katako da Babbar Kasuwa suna zuba adashi kullum, uwar adashi na riƙe da lissafi ba tare da an je banki ba. Ana gudummawar biki, ana karo-karon gina masallaci, ana tara wa maras lafiya ta WhatsApp, kuɗi su shigo ta Nita ko Amana ko Airtel Money daga Legas, daga Akara, daga Jidda. Bambancin kawai, mun saba tara wa lalura da zumunci, ba mu saba tara wa abin da ba a riga an ƙera ba. Kuma ƙofar Kickstarter ba a buɗe take gare mu ba: mazaunin Nijar ba ya cikin waɗanda dandalin ya yarje wa su buɗe neman kuɗi, mai bayarwa kuma sai da katin banki. Ko Olivier Madiba na Kamaru, wanda kamfaninsa Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016, sai da ya fara sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane, sannan ya samu kusan Yuro 50,000 a Kickstarter a 2015. A nan Yamai ma an yi wasan bidiyo na gida, Les Héros du Sahel, kuma cibiyar CIPMEN ta daɗe tana renon matasa masu ƙirƙira. Masu iya rubuta manhaja akwai su.

(Kiɗan kalangu, a bar shi ya ɗan yi tsawo)

Ku saurari wannan kalangun da kyau. Duk abin da Harmonix ya ɓata shekaru yana ginawa, na raba waƙa layi-layi, yana cikin ƙungiyar makaɗanmu tun fil azal. Ga babban kalangu mai magana, ga ɗan karɓi yana amsa masa, ga kuntuku yana riƙe da zaren kiɗa, ga ƴan amshi, ga tafi. Kowane ɗaya layi ne. Kalangu ma ya fi gangar Turawa abin wasa, domin ba lokacin bugu kaɗai ake kula da shi ba. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka ganga ke faɗin kirarin mutum har mai shi ya ji ya miƙe tsaye. A kan salula, babban yatsan dama ya yi bugu, na hagu ya ja sama ko ƙasa ya yi matsa da saki. Yaron da ya ci mataki goma a irin wannan wasa, ya koyi jin take goma. In ya je filin kokawa lokacin gasar Takobi, wadda ake yi tun 1975, ba zai ji hayaniya kawai ba, zai gane abin da ganga ke cewa. Ƴan mata kuwa, tafa-tafa da gaɗa su ne wasan bin kiɗa na asali, wadda ta kuskure tafi ita ta faɗi.

Sai dai aikin na da nauyi, kuma gara a san inda kuɗin za su tafi kafin a nemi sisin kowa. Tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a gidan rediyon ƙasa, ko a cibiyar CELHTO mai adana al'adun baka, ko a makarantar kiɗa ta CFPM Taya, yawancinsu an ɗauke su ne kowa da kowa a haɗe, ganga da murya a dunƙule. Wasa irin wannan yana buƙatar kowane kayan kiɗa a ware. Ke nan dole a kira makaɗa masu rai, a shiga situdiyo, a ɗauki kowa daban, a biya su. Ni a ganina wannan ne ma mafi alherin aikin, domin kuɗin za su shiga aljihun dattijon da piyano mai kwaikwayon ganga ya raba shi da gidajen biki. Bayan haka sai wani ya zauna ya sa wa kowane bugu alama a daidai lokacinsa, ɗaya bayan ɗaya. A nan nake roƙon matasanmu: kada ku miƙar da kiɗan don ya yi daidai da ma'aunin kwamfuta. Makaɗi yakan ja, yakan saki, yakan ɗan jinkirta da gangan, kuma a wannan jinkirin daɗin yake. Na'ura ce za ta bi makaɗi.

Ga kuma maganar haƙƙi, wadda ta rage wa Amplitude manyan waƙoƙinsa. Waƙar Shata ko ta Ɗan Maraya Jos ko ta Ɗan Gurmu tana da magada. Ba a ɗauka don mai ita ya kwanta dama. A je wurin iyali da sallama, a bi ta hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa, a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai. Sannan wasan ya zama maras nauyi, mai aiki ba tare da intanet ba, wanda ƙaramar Android za ta ɗauka, a tura wa juna a fada ana shan shayi, yadda waƙoƙin Mdou Moctar suka yaɗu daga salula zuwa salula tun kafin duniya ta san shi.

Abu ɗaya nake so mu aro daga Kickstarter ba tare da kunya ba, shi ne ƙa'idar nan ta ko duka ko babu. A faɗi adadi, a faɗi rana, a ajiye kuɗi a hannun amintattun da jama'a suka sani, kuma in bai kai ba a mayar wa kowa nasa. Kafin a nemi kuɗin, a nuna take guda da aka riga aka gama, mutum ya taɓa a wayarsa ya ji. Bayan an karɓa, a riƙa fitowa kowane wata ana faɗin abin da aka kashe da abin da ya rage, ko da labarin jinkiri ne. Mutanenmu sun sha ganin karo-karon da ya shiga rami, shi ya sa hannunsu ya yi nauyi, kuma ba za a zarge su ba.

Lissafin bai fi ƙarfinmu ba. Mutum 5,000, kowa jika biyu, sefa miliyan 10 ke nan. Ba zai yi wasa irin na Sony ba, amma zai ɗauki makaɗa ƴan kwanaki a situdiyo, ya riƙe matasa biyu ko uku wasu watanni su fitar da take goma masu kyau. Tsakanin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano da zangon Kumasi, na yi imani akwai mutum 5,000 da kalangu ke sa tsikar jikinsu ta tashi. Su makaɗan da suka san waɗannan take a ka kuwa yawancinsu sun manyanta, don haka wanda zai fara, ɗaukar sautinsu ya kamata ya sa a gaba, manhaja ta biyo baya.

A nan za mu dakata a shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)