Salim-Javed: Marubuta biyun da suka ɗaga darajar alƙalami a fim ɗin Indiya

A zangon Sokodé ko na Dapaong, da wuya a rasa dattijon da zai ba da labarin fim ɗin Sholay, ko ya tuna yadda Amitabh Bachchan ke watsa 'yan daba shi kaɗai. Amma in aka tambayi wanda ya rubuta labarin, sai a yi shiru. Mutum biyu ne, Salim Khan da Javed Akhtar, waɗanda aka fi sani da Salim-Javed.

An haifi Salim a Indore a 1935, ya kuma je Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, da niyyar zama jarumi, amma bai yi nisa ba. Javed kuwa, haifaffen Gwalior ne a 1945, daga gidan mawallafa waƙoƙin Urdu. Sun haɗu a wajen aikin fim a shekarun 1960, lokacin da marubuci bai da wata daraja a masana'antar: kuɗinsa kaɗan, sunansa kuma ba ya fitowa a fastar talla.

Jarumi Rajesh Khanna ne ya buɗe musu ƙofa da Haathi Mere Saathi a 1971. Daga nan sai Seeta Aur Geeta a 1972. Yadda aka fi bayyana rabon aikinsu shi ne, Salim ya fi ƙarfi wajen ƙulla labari da gina taurari, Javed kuma wajen tsara maganganu, waɗanda yake rubutawa da haruffan Urdu.

Fim ɗin Zanjeer na 1973 ne ya juya al'amura. Manyan jarumai sun ƙi karɓar rawar, marubutan suka dage sai darakta Prakash Mehra ya ɗauki Amitabh, wanda a lokacin yawancin finafinansa ba su yi kasuwa ba. Da suka ga an buga fasta babu sunansu, sai suka ɗauko mai fenti ya bi titunan Bombay cikin dare yana rubuta shi a kai. Fim ɗin ya yi kasuwa, ya kuma haifar da sabon nau'in jarumi: matashi mai fushi, wanda ya daina jiran hukuma ta ƙwatar masa haƙƙi.

Wannan fushi ya dace da zamanin. Indiya na fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, har Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975. A shekarar ne Deewaar ya fito, labarin wa da ƙani, ɗaya ɗan fasa-ƙwauri, ɗaya ɗan sanda, uwa kuma a tsakiya. A ranar 15 ga Agustan shekarar Sholay ya biyo baya, ya shafe kimanin shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva da ke Bombay. Sai Don da Trishul a 1978, da Kaala Patthar a 1979. Zuwa lokacin, sunan marubutan kansa ya zama abin da ke jawo 'yan kallo, su ne kuma ke yanka farashin aikinsu.

Ba su tsira daga suka ba. Masu nazari sun nuna cewa Sholay ya ari ƙashin bayansa daga finafinan kaboyi da kuma Seven Samurai na Akira Kurosawa, Deewaar kuma na da alaƙa da Mother India da Gunga Jumna. Wasu sun ce duniyar finafinansu ta maza ce, mata ba su cika samun fili ba. Immaan Dharam na 1977 kuma ya faɗi warwas. Sun rabu a 1982, ko da yake Mr. India, wanda suka tsara tun suna tare, sai a 1987 ya fito. Jimillar finafinan da ke ɗauke da sunansu 24 ne. A 2024 'ya'yansu, Salman Khan da Farhan da Zoya Akhtar, suka shirya musu shirin tarihi mai suna Angry Young Men.

Me ya sa wannan ya shafi Bahaushen Togo? Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa ke kawo finafinan Indiya sinimomin Arewacin Najeriya, suka kuma bi hanyoyin fatauci zuwa zanguna. Kannywood, wadda ake ɗaukar Turmin Danya na 1990 a matsayin mafarinta, ta sha daga wannan rijiya: rikicin 'yan'uwa, hawayen uwa, ramuwar gayya, waƙa a tsakiyar labari. Marigayi Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta Turmin Danya, amma 'yan kallo nawa ne suka san da haka?

A yau da finafinan Kano da fassarar Indiya-Hausa ke isowa Sokodé da Dapaong ta YouTube da katin waya, sau da yawa akan tsallake sunayen farko don a kai ga fuskar jarumi. Marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Yakubu M. Kumo sun yi suna, amma da yawa na aiki a ɓoye. Darasin Salim-Javed shi ne, sai da marubuci ya sami suna sannan ya iya neman farashi, kuma ɗan kallo na da hannu a ciki: ya tsaya ya karanta wanda ya rubuta labarin kafin ya wuce.