Gaskiyar da Littattafan Addinai Suka Haɗu a Kanta

Wajen shekara ta 615 Miladiyya, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Musulmin farko suka fara tsallake Bahar Maliya zuwa Habasha, ƙasar wani sarki Kirista da ake wa laƙabi da Najjashi. Mutanen Makka suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a maido musu da 'yan gudun hijirar. Sarki ya ƙi miƙa su sai ya ji daga bakinsu. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib (RA) ya tashi ya bayyana abin da aka umarce su da shi: bauta wa Allah shi kaɗai, faɗin gaskiya, riƙon amana, sada zumunci, kyautata wa maƙwabci da barin cin dukiyar maraya. Daga nan ya karanta farkon Suratu Maryam. Masu tarihi sun ruwaito cewa sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya kuma shaida cewa wannan karatu da saƙon Annabi Isa (AS) tushensu ɗaya.

Mutane da yawa nan suke tsayar da labarin, alhali saura rabi. Washegari Amru ya dawo da dabara, ya ce a tambaye su abin da suke faɗa game da Isa, don ya san a nan ne aƙidarsu ta saɓa da ta fadawan sarki. Ja'afaru bai yi kwana-kwana ba. Ya ce Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, kamar yadda Alƙur'ani ya koyar. Manyan fadawa suka yi gunaguni, amma sarki ya ba Musulmi aminci a ƙasarsa. A zama biyu kacal an fito da abin da aka yi tarayya a kai, an kuma fito da abin da aka saɓa, babu wanda ya ɓoye littafinsa don faranta wa wani.

Wannan hanya, ta komawa ga littafin kansa maimakon jita-jitar da ake yaɗawa game da shi, tana da dogon tarihi a ilimin Musulunci. Babban gwaninta shi ne Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973 a Khwarizm, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasarsu da yaƙi ya tafi da shi fadarsa. Mahmudu ya shahara da kai hare-hare Indiya, amma Albiruni ya yi amfani da damar ta wata fuska: ya zauna da malaman Hindu, ya koyi harshen Sanskirit duk da wahalarsa, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. Wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya mai babi 80.

Tun a gabatarwa ya yi alkawarin kawo maganar Hindu yadda suke faɗinta, ba da nufin jayayya ba. Abin da ya tarar ya saɓa wa zaton mutanen zamaninsa. Ya rubuta cewa masu ilimi daga cikinsu suna ƙudurta Ubangiji ɗaya, marar farko marar ƙarshe, mai iko da hikima, wanda babu abin da ya yi kama da shi, ya kuma kafa hujja da nassoshin Bagabad Gita da na Patanjali. Ya bambance wannan da al'adar gama-garin mutane masu rungumar gumaka, ya lura cewa karkata ga abin da ido ke gani hali ne na talakawa a al'ummai da yawa, har da tsoffin Girkawa. Bai bar Musuluncinsa ba, bai kuma fasa sukar abin da ya ga kuskure ne ba. Har ma ya faɗi cewa yaƙe-yaƙen Mahmudu sun dasa wa Hindu ƙiyayyar Musulmi. Bayansa Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta Almilal wan Nihal, inda ya jera aƙidun Yahudu, Nasara, Majusawa da masana falsafa bisa irin wannan adalci.

To, mene ne mai karatu ke tararwa idan ya ajiye littattafan gefe da gefe?

Na farko, kaɗaita Mahalicci. Babi na 6 na Maimaitawar Shari'a a Attaura, wanda Yahudu ke karantawa safe da yamma, shela ce ta cewa Ubangiji ɗaya ne. A Linjilar Markus babi na 12, da aka tambayi Isa umarnin da ya fi kowanne, wannan nassin ya fara kawowa. Ƙulhuwallahu kuwa ko yaron da ya fara allo ya san abin da take koyarwa.

Na biyu, haƙƙin ɗan'adam a kan ɗan'uwansa. Hadisi na 13 a Arba'una na Imamu Nawawi, wanda ɗaliban Islamiyya ke haddacewa, ya ɗaure cikar imani da so wa ɗan'uwa abin da mutum ke so wa kansa. Wannan ma'ana tana cikin Linjilar Matiyu babi na 7. Malamin Yahudu Hilel ya taƙaita Attaura duka a kanta, kuma Kwanfishiyos ya koyar da ita a ƙasar Sin kimanin shekara 500 kafin haihuwar Isa. Haka batun awo: Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba, Littafin Firistoci babi na 19 ya hana algus a ma'auni. Suratul Ma'un ta sa wulaƙanta maraya cikin alamomin ƙaryata sakamako, Wasiƙar Yaƙub kuma ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'anar addini tsarkakakke. Ayoyi na 151 zuwa 153 na Suratul An'ami, masu hana shirka, kisa da alfasha, masu umarni da kyautata wa iyaye, malamai sun daɗe suna kwatanta su da Dokoki Goma na Annabi Musa (AS).

Sai dai tarayya a waɗannan ba ta nufin addinai duka abu ɗaya ne. Kirista yana ƙudurta Triniti da gicciye Almasihu, Musulmi bai yarda da su ba. Addinin Buda bai ginu a kan Mahalicci ba sam. Wanda ya share waɗannan bambance-bambance ya zalunci mabiya kowane ɓangare, domin ya sa musu a baki abin da ba su faɗa ba. Tarihin Dara Shiko ya nuna inda zurfafawa ke kaiwa. Shi ne babban ɗan Sarki Shah Jahan na daular Mugal, kuma mabiyin ɗariƙar Ƙadiriyya. A 1657, da taimakon malaman Hindu na Banaras, ya fassara littattafan Upanishad kusan 50 zuwa Farisanci, aikin da daga baya ya isa Turai ta hanyar fassarar Latin. Amma ya wuce fassara, ya yi da'awar cewa su ne ɓoyayyen littafin da Suratul Waƙi'a ta ambata, maganar da malamai suka ƙi. Ƙanensa Aurangzeb, da ya rinjaye shi a rikicin gadon sarauta, ya sa aka kashe shi a 1659 bisa tuhumar ridda. Siyasa ce ta ci shi, amma da'awarsa ta miƙa wa abokan gabansa makami.

Malaman zamaninmu sun fi bin sawun Ja'afaru. Bayan jawabin Paparoma Benedict na 16 a Regensburg a 2006, wanda ya fusata Musulmi, malamai da shugabannin Musulmi 138 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ranar 13 ga Oktoba, 2007, zuwa ga shugabannin coci-coci na duniya. Yarima Ghazi bin Muhammad na Jodan ne ya tsara ta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka rattaba hannu. Wasiƙar ta ɗauko sunanta daga aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, ta kuma kafa hujja da Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki a kan ginshiƙai biyu: son Allah da son maƙwabci. Shugabannin Kirista fiye da 300 suka amsa ta wata takarda da aka shirya a Jami'ar Yale, sannan a Nuwamban 2008 aka yi zaman farko na dandalin Katolika da Musulmi a fadar Batikan. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware makon farko na kowace Fabrairu don jituwar addinai.

Kaduna ma tana da nata shaidar. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu jagoran matasa ne mai neman fansa. Abin da ya sauya Ashafa huɗubar Juma'a ce a kan yadda Annabi (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Wuye kuma wani fasto ne ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Kowa a cikin littafinsa ya sami dalilin ajiye makami. Sun fara aiki tare a 1995, kuma cibiyarsu ta sasanci ta taka rawa wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. Har yau imam yana limancinsa, fasto yana cocinsa.

Bahaushe ba shi da uzurin rashin littafi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi kuma ta fito a 1979, ga tafsiri a rediyo kowane azumi. Duk da haka, yawancin abin da matashi ya sani game da addinin maƙwabcinsa daga guntun bidiyo a waya yake samunsa, an yanko magana an jefar da abin da ke gabanta da bayanta. Sau da yawa ma nasa littafin karatu kawai yake yi ba tare da sanin ma'ana ba, alhali ta hanyar ma'anar ce ake sanin Allah da abin da yake so.

Kira a nan ga malaman Islamiyya, limamai, fastoci da masu tsara manhajar makarantu ne: a koya wa yara ma'anar littafinsu tun da wuri, a kuma gaya musu gaskiyar abin da maƙwabcinsu ya yi imani da shi, inda aka haɗu da inda aka rabu, ba ƙari ba ragi. Mai wa'azin da zai ambaci littafin wasu a kan mumbari, ya fara buɗe shi ya karanta babin gaba ɗaya kafin ya yi magana.