FILIN MANOMA: SANYIN FIRIZA MAGANIN ƘWARIN WAKE

Manoman Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san halin wake. Da kaka yana araha, in bazara ta yi sai ya yi tsada. Wanda ya iya ajiya shi ke cin riba. Amma ƙwaro ba ya bari.

Mutane da yawa suna zaton cikin rumbu ƙwaron ke shiga wake. Ba can kaɗai ba ne. Tun daga gona ake kawo shi gida. Macen tana liƙa ƙwanta a jikin wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shige ciki, tana ci ba mai ganinta. Cikin mako uku ko huɗu sai ta zama ƙwaro, ya fito ya sake yin ƙwai. To, kafin wata shida buhu ya zama gari da huji.

Waɗansu kan zuba maganin feshi cikin buhu, irin su Sniper. Wannan mugun abu ne, gama dafi ne, kuma iyali za su ci. Saboda irin wannan dafi ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya cikin 2015.

Ga wata dabara ga mai firiza, watau injin ƙanƙara. A shanya wake ya bushe sarai, har in an ciza ya yi ƙas. A zuba tiya biyu ko uku cikin leda mai kauri, a ɗaure baki tam. A sa cikin firiza kwana bakwai, sanyin kuwa ya zama irin mai daskarar da ruwa kamar dutse. Ƙwaro da tsutsa da ƙwai duk za su mutu. In an fitar, kada a yi gaggawar kwancewa. A bar ledar ɗaure har sanyin ya fita, don in an buɗe da wuri raɓa za ta kwanta a kan waken, ya yi fumfuna. Daga nan sai a juye cikin jarka busasshiya, a cika ta har wuya, a toshe, domin sanyi ba ya hana sabon ƙwaro shiga. Haka ake yi wa garin masara da barkono da kuka. Ko irin shuka ma ba ya lalacewa, muddin ya bushe sosai.

Sai dai fa wutar lantarki a ƙasar nan ba ta da alkawari. In ta ɗauke har firiza ta narke, lalle a sake lissafin kwanaki daga farko. Mai firiza ta hasken rana ya fi samun sauƙi, kuma maƙwabci yana iya shiryawa da shi.

Firiza ta cefanen gida ce kawai. Mai buhu goma sai ya nemi buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi cikin 2007. Ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu. A ɗaure kowace leda dabam, a ɗora buhun bisa katako nesa da bango saboda ɓera.