Ɗan gasa daban, ɗan laif daban: shin buga gem wasa ne kamar ƙwallo da dambe?

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Saƙon yau daga Magamar Jibiya ya zo, can bakin boda. Wani mai sauraro ne ya ce ƙanensa na son barin shagon gyaran waya, wai zai koma buga gem a laif. Hujjar yaron ita ce gem ma wasa ne kamar ƙwallo, kuma masu yi suna kwasar daloli. To ni dai a ganina, abu biyu yaron ya cakuɗa wuri ɗaya, kuma sai mun raba su maganar za ta fito.

Akwai ɗan gasa, akwai ɗan laif. Ɗan gasa shi ne wanda ke shiga fili a kara da shi, a ci ko a cinye shi. Ɗan laif kuwa shi ne ke kunna kyamara a Twitch ko YouTube ko TikTok, yana buga gem yana surutu, mutane na kallo.

Bari in ba ku misali. A watan Maris na 2018, wani Ba'amurke da ake kira Ninja ya buga Fortnite a laif tare da mawaƙi Drake, sama da mutum 600,000 suka kalle su a lokaci ɗaya. A wancan lokacin yana cikin 'yan gem da suka fi kowa suna. Amma da aka zo gasar duniya ta Fortnite a birnin New York a watan Yulin 2019, Ninja bai ma samu gurbin shiga ba. Wani yaro mai shekara 16, Bugha, shi ya lashe, ya tafi gida da dala miliyan 3. Kafin ranar, mutum nawa suka san shi?

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne. Shago shi ke shiga fili ya yi dambe, amma waƙar Ɗan Anace ce ta kai sunansa garuruwan da bai taɓa takawa ba. Hannu daban, baki daban. Ɗan laif ya fi kusa da makaɗi ko ɗan kama: jarinsa shi ne iya riƙe taro. Zai iya faɗuwa a gem sau goma, in dai ya ba da dariya, gobe ma za a dawo. Ku dubi Kai Cenat da ya zo Legas a 2024, matasa suka yi ta binsa. Ba don ya ci wani kofi ba ne, don iya hira ne da barkwanci.

To yanzu mu zo kan ɗan gasa. Abin da yake yi wasa ne na gaske?

Masu cewa a'a, hujjarsu gumi ce. Wai mutum na zaune, yatsu kawai ke motsi. Amma in gumi ne ma'auni, ina za mu kai dara, wadda dattawa ke bugawa a gindin bishiya tun kaka da kakanni? Ita ma ces, darar Turawa, kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya amince da hukumarta tun 1999. Kuma a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, an raba lambobin zinare a gem kamar yadda aka raba a guje-guje. Faker, gwanin League of Legends ɗan Koriya ta Kudu, da wannan zinaren aka ɗauke masa cikakken aikin soja na dole, irin sassaucin da aka yi wa ɗan ƙwallo Son Heung-min a 2018. Akwai koci, akwai atisaye na awanni, akwai alƙali. Ta wannan fuskar, eh, gasa ce ta gaske.

Amma akwai wurare biyu da gem ya rabu da ƙwallo da kokawa, kuma su ne suka fi shafar ɗan Jibiya.

Na farko, gem yana da mai shi. Ƙwallo ba ta kowa ba ce. Yara su ɗaure tsumma, su aje duwatsu biyu, wasa ya kankama. Gem kuwa kayan kamfani ne. PES da muka tashi muna bugawa, a 2021 Konami ta mayar da shi eFootball. Wanda muke ce wa FIFA, tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC. Kamfani na iya sauya ƙarfin bindiga ko saurin ɗan wasa dare ɗaya. Gwamnati ma na iya rufewa: Indiya ta hana PUBG Mobile a Satumban 2020, ta hana Free Fire a Fabrairun 2022. Waɗanda suka ɗora rayuwarsu a kai sai dai suka wayi gari babu fili.

Na biyu, filin ba ɗaya ba ne. A gasar takobin kokawa ta Nijar, da Issaka Issaka na Dosso da wanda ya fito daga Maraɗi, yashi ɗaya suke takawa. A gem na intanet ba haka ba ne. Akwai abin da ake kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa babbar kwamfutar kamfanin ya dawo. Ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A ce kai kana da 200, abokin karawarka na da 30. Kafin harbinka ya isa, shi ya riga ya gan ka ya harba. Ba wai ya fi ka iyawa ba, kusa yake da rijiya. Waɗannan kwamfutocin kuwa ba a Katsina suke ba, galibi suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu.

Mutanen Jibiya ma sun san abin da ya fi ping. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, sai wajen ƙarshen shekara aka dawo da su. Ɗan ƙwallo a lokacin bai fasa atisaye ba. Ɗan laif fa? Watanni babu shi, kuma masu kallo ba sa jira.

Ga lissafin data. Laif mai hoto tangaran na iya cin fiye da giga 1 a awa ɗaya, ga shi a farkon 2025 an amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. YouTube kuma ba ya fara raba maka kuɗin talla a dogon bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Duk kafin nan, daga aljihunka kake zubawa, ban da kuɗin caji.

Ni ban ga laifin yaron ba. Garin da ke ci da boda, aka rufe ta a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023, dole matashi ya nemi wata ƙofa. Kuma ƙofar ba a toshe take ba. Arslan Ash, a gidajen gem na birnin Lahore a Pakistan ya koyi Tekken, ba a san ƙasarsa da wannan harka ba. A 2019 ya je Japan ya ci gasar EVO, ya wuce Las Vegas ya sake ci. Ku lura da irin gem ɗin: mutum biyu, allo ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Babu ping, babu uzuri.

Nan ne nake ganin damarmu take. Gidajen gem na Jibiya da Katsina da Maraɗi za su iya haɗa gasar ƙwallon PlayStation ta ido da ido, da doka a rubuce, da alƙali, da lokacin tashi salla. Amma a raba ta da caca, don da zarar an fara aje kuɗi ana cewa wanda ya ci ya kwashe, an bar wasa an shiga wani abu, iyaye kuma ba za su yarda ba.

Kai kuma ƙanena, kada ka saki reshe ka kama ganye. Riƙe gyaran wayarka, ita za ta saya maka data. Ka tambayi kanka: hannu gare ni ko baki? In hannu ne, ka nemi waɗanda suka fi ka ku kara, ka riƙa rubuta sakamako. In baki ne, fara da gajeren bidiyo da Hausa, wanda za ka ɗauka ka ɗora lokacin da sabis ya yi kyau. Hausarka daga Jibiya har Damagaram ana jin ta, wannan kasuwar ba ta san boda ba. Ka ba kanka wata shida, ka duba abin da ya shigo da abin da ya fita.

Yaya kai ma, kada ka ƙwace masa waya. Zauna ku yi lissafin tare.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku ana gasar gem? Wa ke alƙalanci? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.